Minti Biyar da Katin Sauti

A makarantar koyon aikin sakatare da ke bayan tashar mota akwai wani malami da ake kira Minti Biyar. Ba iyayensa suka raɗa masa ba, shi ya jawo wa kansa da bakinsa. Duk abin da ya lalace a duniya, daga famfon banɗaki har tattalin arzikin ƙasa, in aka ambata a gabansa sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai aikin minti biyar ne." Abin da aka ɗauke shi ya koyar shi ne jera takardu a fayil, kuma a faɗi gaskiya ba a taɓa kama shi da kuskure a ajin ba, tunda ba a cika samunsa a ciki ba. Fankar ofishin malamai da ya gyara bara tana nan tana juyi har yau. Sama take kai iskar, amma dai tana juyi.

Burinsa a rayuwa guda ɗaya ne, makullin ɗakin kwamfuta. Ɗakin yana can ƙuryar baya, a ƙarshen baranda. Ba shi da taga, an manne bangonsa da ƙofarsa da soso mai kauri don kada hayaniyar tasha ta shigo lokacin jarrabawar shifta, kuma shi kaɗai ne ɗaki mai esi a duk makarantar, esin da ke gurnani kamar tsohuwar tirela tana hawan tudu. Wanda ya riƙe makullin nan ya riƙe sanyi, ya riƙe kujera mai juyawa, ya kuma riƙe wurin da ba a jin kiran Darakta. Makullin kuwa yana jakar Gwaggo, sakatariyar makarantar, wadda ta shekara ashirin da biyu a wurin, ta tarbi Daraktoci huɗu, ta raka uku bakin ƙofa. Ana nan sai Darakta ya faɗa a taron malamai cewa da an gama jarrabawar bana zai naɗa jami'in kula da ɗakin, har da allon suna a ƙofa. Tun ranar Minti Biyar ya fara tunanin irin rubutun da zai fi dacewa da allon.

Jarrabawar ba ta da wuyar ganewa. Hukuma takan aiko jami'inta da faifai a cikin ambulan mai hatimi. A sa faifan a babbar kwamfutar gaban ɗaki, murya ta karanto wasiƙa, ɗalibai arba'in su buga abin da suka ji. Ɗaliban nan ba yara ba ne, yawancinsu ma'aikata ne da suka roƙi hutun yini ɗaya a wuraren aikinsu. Abin da ke damun kowa shi ne sautin kwamfutar yakan yi wani "kirrr" jefi-jefi kamar ana suya. In ya fara, Gwaggo takan sunkuya ta murɗa wayar kaɗan, sai ya daina.

"Wannan ba gyara ba ne, lallashi ne," in ji Minti Biyar a ofishin Darakta. "Ranka ya daɗe, katin sautin da ke cikin injin nan ya gaji. Sabo za a sa. Ni da hannuna zan sa shi, jami'in hukuma ya zo ya ji abin da bai taɓa ji ba."

"Wayar ce," Gwaggo ta ce, ba ta ko ɗago daga abin da take bugawa ba.

"Gwaggo, da girmanki. Kin san abin da ake kira katin sauti?"

"Ban san shi ba. Wayar na sani."

Darakta mutum ne mai kunyar a gane bai fahimci abu ba, don haka duk wanda ya fi dogayen kalmomi shi ke da gaskiya a wurinsa. Aka sayo kati. Ya iso saura mako guda jarrabawa. Gwaggo ta ce a sa shi ranar a gwada. Minti Biyar ya yi dariya, ya ce aikin minti biyar ba a yi masa tanadin mako. Gaskiyar maganar ita ce so yake jami'in hukuma ya same shi da sukundireba a hannu.

Ranar jarrabawa, ƙarfe tara na safe, Minti Biyar ya iso cikin wata farar riga irin ta likitoci da ya aro a kantin magani. Jarrabawa sai sha ɗaya. Ya miƙa wa Gwaggo hannu. Ta dubi Darakta, Darakta ya dubi silin, ta ciro tarin makullan gaba ɗaya ta sa masa a tafi: na ɗakin, na kabad, na sito, har da na akwatin wutar lantarki, duk a zobe ɗaya. Ta bi bayansa.

A bayan babbar kwamfutar akwai wayoyi biyu baƙaƙe da suka fito ta bayan kabad, kamarsu ɗaya kamar tagwaye. Ɗaya an ɗaura mata jan zare, ɗaya fari. Tsarin Gwaggo ne. Mai farin zare tana zuwa ga sifikokin cikin ɗaki. Mai jan zare tana shiga amfilifaya da ke cikin kabad, daga nan ta bi bango har lasifikar da ke kan falwaya a bakin get, wadda ake kaɗa ƙararrawa da sanarwa da ita. Da safe Gwaggo takan soka ja a kwamfuta, in za a shiga aji ta zare ta soka fari. Shekara da shekaru ba a taɓa samun kuskure ba.

Minti Biyar ya jawo su duka biyun, ya ɗaga su sama kamar ya kamo ɓeraye ta wutsiya.

"Mene ne wannan?"

"Zare."

"Na ga zare. Nan ɗakin kimiyya ne ko shagon tela? Jami'in hukuma ya shigo ya ga wannan, ya ce mu wasu irin mutane ne?"

Ya ɗauki almakashin Gwaggo da ke kan teburi, ƙyas, ƙyas, zare biyu suka faɗi ƙasa.

"Ja na waje ne," Gwaggo ta ce. "Fari na..."

"Gwaggo, ni in na kalli waya, ita da kanta take gaya mini inda za ta."

"To, ka gaishe ta," in ji Gwaggo. Ta tsince zarenta, ta karɓi almakashinta, ta fita.

Minti biyar na farko sun tafi wajen neman inda ake buɗe murfin. Na biyu sun tafi wajen gano cewa ɓangaren da ya buɗe ba shi ba ne. Sai ƙaramin noti ya suɓuce ya faɗa ciki, ya ɗaga kwamfutar ya kifa ta yana girgizawa, notin ya faɗo tare da wani notin da bai san daga ina ya fito ba. Wannan ya sa shi a aljihu, yana cewa masu ƙera kaya sun cika almubazzaranci. Katin ya ƙi shiga ramin farko, ya ƙi na biyu, ya shiga na uku bayan an lallashe shi da gindin sukundireba. Ƙarfe goma saura kwata ya rufe murfin. Ya juya ga wayoyin nan biyu da ke kwance a ƙasa, ya ƙura musu ido, ya ba su damar yin magana, sannan ya ɗauki ta hagu ya soka a sabon kati.

Ya kunna. Ya sa manhajar katin daga faifan da ya zo a kwali. Kwamfuta ta ce an gama lafiya. Ya gyara wuyan farar riga, ya danna wurin gwaji.

Shiru.

Ya sake dannawa. Shiru. Ya danna sau bakwai a jere, kamar mai ƙwanƙwasa gidan da ya tabbata akwai mutane.

A can bakin get kuwa lasifika ta yi "tilin-tilin" sau tara. Ɗaliban da ke warwatse, wasu a gindin bishiya suna bita, wasu a shagon mai aski da ke tsallaken titi, suka ɗauka ƙararrawar shiga ce. Suka tattaro littattafansu suka taru a tsakar makaranta, daidai ƙarƙashin lasifikar. Ko da gangan aka shirya ba za a samu taro mai kyan wannan ba.

Ƙarfe goma jami'in hukuma ya iso. Siriri ne, mai tabarau, yana rungume da jakarsa a ƙirji kamar jinjirin da ake son sacewa. Shekarunsa a aikin nan sun koya masa cewa ɗan'adam gaba ɗayansa ɓarawon jarrabawa ne, sai dai wanda bai samu hanya ba. A makarantu Mai Hatimi ake kiransa. Darakta ya rako shi har ɗakin.

"An shirya?" Mai Hatimi ya tambaya.

"Tun ɗazu, yallaɓai," in ji Minti Biyar. "Sai dai katin nan babba ne. Ɗan sautin gwaji bai isa ya motsa shi ba, kamar ka ɗora wa tirela buhu ɗaya ne. Sai an ba shi ainihin faifai."

Mai Hatimi ya dube shi ta saman tabarau. Ya ce doka ta yarda a buɗe ambulan don gwajin kayan aiki, a gaban ma'aikaci guda ɗaya. Amma da zarar an yage hatimi, an kulle ƙofa, an kashe wayoyin hannu an sa a jaka, kuma ba a buɗe wa kowa, ko gobara ce sai ta nuna takarda. Darakta ya yi murmushin da ake yi wa manya in sun yi barkwanci, ya ga ba barkwanci ba ne, ya fita. Minti Biyar ya murza makulli sau biyu, ransa fes. Yau ga shi a ciki, Darakta a waje.

Aka yage hatimi. Aka sa faifai. A fuskar kwamfuta wani koren layi ya fara tsalle sama da ƙasa.

"Ka gani, yallaɓai? Koren nan sauti ne. Yana nan da ransa."

"Ni kunne aka aiko ni da shi, ba ido ba."

"Yana tafe."

A waje wata murya mai kauri, mai natsuwa, ta sauko daga falwaya: "Zuwa ga Manajan Sashen Saye-saye. Yallaɓai, waƙafi. Muna baƙin cikin sanar da kai cewa daga cikin kujeru arba'in da ka aiko mana ranar Talata, waƙafi, goma sha ɗaya ƙafa uku gare su, aya."

A tsakar makaranta kowa ya ɗaga kai. Ɗalibai suka dubi juna. Wata uwar 'ya'ya uku, wadda wannan ne zamanta na uku a jarrabawar, ta buɗe littafinta a hankali, ta cire murfin biro da haƙori. Kafin a kai sakin layi na biyu, ba ka jin komai sai ƙarar takarda.

Darakta ya fito daga ofis da kofin shayi a hannu, ya saurara, ya ajiye kofin a inda babu teburi, ya zura da gudu. Mutumin da ya shekara goma bai yi sauri ba.

A ciki, dukan ƙofar ya iso kamar ana kirɓa abu a gidan maƙwabta. Soso da gurnanin esi sun haɗiye maganar, sun bar dukan kawai.

"Ka ji ko?" in ji Mai Hatimi, da jin daɗin mutumin da zatonsa ya tabbata. "An fara. Duk makarantar da na je haka ne. Ana yage hatimi sai kowa ya tuna yana da maganar gaggawa."

"Ba su da tarbiyya, yallaɓai. Shi ya sa ake son naɗa mutum tsayayye a ɗakin nan."

Minti Biyar ya duba ko an toshe sautin ne. Ba a toshe ba. Ya toshe ya buɗe, don ya nuna wa kwamfutar cewa ana lura da ita. Ya ja ma'aunin ƙarfi daga talatin zuwa sittin, ya mayar da wasiƙar farko. Shiru. Ya kai shi ɗari.

A nan ne 'yan tasha suka shiga cikin maganar kujeru. Wani direba da ke ɗaure kaya a saman mota ya tsaya da igiya a hannu. Mai aski ya fito bakin shagonsa, wanda yake yi wa askin ya biyo shi da rabin kai da tawul a wuya.

Minti Biyar ya kara kunne a jikin sifikar dama. Ya kara a ta hagu. Ya ɗaga ɗaya ya girgiza, ya mare ta, ya hure mata ƙura.

"Sifikokin nan sun mutu. Shekara ashirin wata baiwar Allah tana murɗa musu waya, me ake jira?"

"Fitilarsu a kunne take," in ji Mai Hatimi.

"Fitila daban, rai daban, yallaɓai."

"Waccan wayar da ke ƙasa fa?"

Minti Biyar ya dubi wayar da ke kwance kusa da takalminsa. Ya ture ta ƙarƙashin teburi da ƙafa.

"Ta tsohon tsari ce. Yallaɓai, kai da hatimi, ni da waya. Kowa ya tsaya a fanninsa."

Sai ga wata 'yar takarda ta leƙo ta ƙarƙashin ƙofa. Minti Biyar ya sunkuya zai ɗauka, Mai Hatimi ya daka masa tsawa. Ya zo da kansa, ya ɗauke ta da kan yatsu biyu a ninke yadda take, bai buɗe ba, ya jefa a wata ambulan ya liƙe, ya rubuta a bayanta: Shaidar yunƙurin maguɗi, goma da minti ashirin da biyu. Sannan ya naɗe dardumar bakin ƙofa ya cusa a ƙarƙashin, kada wata ta biyo baya.

Zufa ta fara keto wa Minti Biyar duk da sanyin da ya sha alwashin mallaka. Allon sunansa ya fara yi masa nisa. Ya buɗe murfi, ya zare kati, ya hure ramin, ya mayar. Ya cire manhajar ya sake sa ta. Kowane mataki sai ya sake kunna wasiƙar tun daga farko, saboda ƙwararre ba ya gwaji rabi-rabi. A karo na shida wata dabara ta zo masa.

"Na gano! Faifan naku gudu yake da yawa, katin bai samu damar kama shi ba. Bari in rage masa sauri."

Ya mayar da saurin rabi.

A waje muryar ta koma jan kowace kalma kamar mai magana da kurma. Wani ɗalibi mai nauyin hannu, wanda tun ɗazu ake barinsa a baya, ya ɗaga ido sama ya ce, "Ko wane ne a ciki, Allah ya yi masa albarka."

Darakta, da hannunsa ya gaji da dukan ƙofa, ya ruga akwatin wuta zai kashe babban makunni. A kulle. Ya tambayi Gwaggo makullin. Ta nuna ɗakin kwamfuta da haɓa. Ya koma tsakar makaranta yana ɗaga hannuwa, yana cewa kowa ya toshe kunnensa, ya rufe littafi. Ɗalibai suka amsa da ladabi, "To, ranka ya daɗe," biro bai tsaya ba. Ya aika Baba maigadi ya aro tsani wurin mai aski.

"A bari mana a ji ƙarshe," in ji mai aski. "Ni dai ina so in san ko an canza musu kujerun."

"Ka ji sau shida!" in ji Darakta.

"Wancan lokacin injina yana kunne."

Aka samu tsanin da ƙyar. Aka nemi wanda zai riƙe wa Baba maigadi, duk samarin wurin sai ga shi hannuwansu ba sarari. Darakta ya tuɓe kwat ya riƙe da kansa. Baba maigadi kuwa gwiwa ta daɗe da yi masa ritaya, kowane mataki sai ya tsaya ya yi salati.

A ciki, dabaru sun ƙare wa Minti Biyar, saura guda ɗaya wadda ba ta taɓa ƙare wa irinsa, wato neman mai laifi.

"Yallaɓai, ba raini ba. Faifan nan naku babu komai a ciki."

Mai Hatimi ya cire tabarau. "Me ka ce?"

"Fanko ne. Ai yakan faru. Wani a ofishinku ya manta bai zuba ba."

"Kai da bakinka ka ce koren layi sauti ne."

"Koren layi yakan yi tsalle don sabo."

"Shekarata goma sha tara a hukumar nan, ba mu taɓa fitar da fankon faifai ba!"

"To ta goma sha taran ce ta zo da shi."

Akwai faifai na biyu a jakar, na ajiya, wanda doka ta ce ba a taɓa shi sai na farko ya fallasu. Amma mutuncin hukuma ne aka taɓa. Mai Hatimi ya ciro ambulan ɗin, ya yage hatimi, ya soka faifan da kansa.

"Kunna mu gani!"

"Zuwa ga Shugaban Sashen Gyare-gyare," in ji falwaya. "Yallaɓai, waƙafi. Wannan ne karo na huɗu da muke rubuto maka game da rufin ofishinmu da ke yoyo..."

"Sabuwa ce!" wata ta faɗa. Arba'in suka juya shafi a tare.

Wannan ma ta zagaya sau uku. Baba maigadi ya isa saman tsani, ya lalubo filaya, ya datse wayar daidai lokacin da muryar ke cewa, "Naka mai biyayya." Ba a rasa ko harafi ba.

Sha ɗaya saura minti biyar Minti Biyar ya ajiye sukundireba. Ya riga ya tsara jawabinsa: katin lafiyarsa ƙalau, shi ma lafiyarsa ƙalau, sifikoki ne Gwaggo ta kashe. In an yi dabara, wannan ma hujja ce ta a karɓe mata makulli. Mai Hatimi ya mayar da faifansa biyu jaka, ya ce ko ba komai sirri yana nan, za a ɗauko wasu sifikoki a yi jarrabawa da azahar.

Suka buɗe ƙofa. Gwaggo na zaune a kan benci a baranda, ƙwallon zare biyu a cinyarta.

"Gwaggo, sifikokinki sun mutu," in ji Minti Biyar.

"Allah ya ji ƙansu."

Suka wuce ta. A tsakar makaranta suka tarar da taron da ya ninka wanda suka zata: ɗalibai, direbobi, mai sayar da katin waya, mutumin nan mai rabin aski, Darakta ba kwat yana riƙe da tsani. Minti Biyar ya ɗauka jiran sakamakon aikinsa ake yi, ya gyara tsayuwa. Mai Hatimi ya yi gyaran murya.

"An samu ɗan jinkiri saboda kayan sauti. Amma ina tabbatar muku, a matsayina na jami'i, babu kunnen da ya ji ko kalma ɗaya daga cikin..."

"Yallaɓai," in ji mai aski, "don Allah kafin ka ci gaba. Kujerun nan goma sha ɗaya, an dai canza musu ko?"

Mai Hatimi ya ƙanƙame jakarsa.

"Ni rufin ne ya fi damuna," in ji direban. "Karo huɗu fa suna rubutawa."

"Waɗanne kujeru?" Minti Biyar ya tambaya. Shi kaɗai ne a duk unguwar bai ji wasiƙar ba, shi da mai ita.

Ba wanda ya ba da umarni. Wani ya fara daga baya, sauran suka ɗauka, har direbobin: "Muna baƙin cikin sanar da kai cewa daga cikin kujeru arba'in da ka aiko mana ranar Talata..." Mai rabin aski ne ke saka waƙafi.

Mai Hatimi ya lalubi benci ya zauna. Can ya tuna da ambulan ɗin shaida. Ya ciro ta, ya yage, ya buɗe 'yar takardar, ya karanta a fili: "Ana ji a waje. Canza waya, ɗayar da ke ƙasa. Gwaggo."

"Goma da minti ashirin da biyu," in ji Gwaggo daga baranda. "Na ga ana son lokaci."

Jami'in ya miƙe ya soke jarrabawar nan take. Faifai biyu sun fallasu, sai hukuma ta shirya wasu, wata uku nan gaba in an yi sa'a. Murnar ɗalibai ta koma ciki. Uwar 'ya'ya ukun nan ta rufe littafinta, ta tako har gaban Minti Biyar.

"Malam, sau biyu ina faɗuwa jarrabawar nan da kaina, ban ga laifin kowa ba. Yau da na iya ta har da waƙafinta, kai ka kayar da ni. Wa zai sake roƙa mini hutu wurin maigidan aikina? Kai?"

"Hajiya, ai wannan aikin..."

"In ka ce minti biyar, wallahi sai na cire takalmi."

Bai ce ba.

Darakta ya ce a koma ɗakin, yana so ya gani da idonsa. Aka ɗunguma, har mai aski. Gwaggo ta sunkuya, ta zare wayar da ke jikin kati, ta jawo wadda aka ture ƙarƙashin teburi, ta soka. Ta karɓi faifai a hannun Mai Hatimi, wanda yanzu ba shi da abin ɓoyewa. Murya ta cika ɗakin tas, daga sifikokin da aka yi wa ta'aziyya.

Minti Biyar ya farfaɗo. "Kun ji? Kun ji tsabtar sauti? Ranka ya daɗe, abin da nake faɗa ke nan. A yi adalci, katin nan ya yi aiki. Har tasha aka ji shi! Tsohon zai iya haka? Kuma ina ƙarar nan da ake..."

"Kirrr," in ji sifika.

Gwaggo ta sa yatsu biyu ta murɗa wayar kaɗan. Ya daina.

Ta yanko farin zare ta ɗaura wa wayar da ke jiki. Ta yanko ja ta ɗaura wa ɗayar. Sannan ta miƙa tafin hannu. Minti Biyar ya dubi Darakta. Darakta ya dubi silin. Makullan suka sauka a hannunta da ɗan ƙara, ta ƙirga su da ido, ta jefa a jaka.

Har ya juya zai fita ta ce ya dakata. Akwai guntun jan zare da ya rage mata. Ta kamo maɓallin farar rigar aron, ta ɗaura masa, ta ƙulle sau biyu yadda ba zai kwance ba.

"Wannan kuma na mene ne, Gwaggo?"

"Na gaya maka tun safe," ta ce, tana riƙe masa ƙofa. "Ja na waje ne."